Wata Huɗu a Kan Bitamin E: Nazarin Ƙurajen Fuskar Wata Ɗaliba a Yamai

Yarinyar da wannan lamari ya shafa ɗiyar yayana ce, shekararta 21, haifaffiyar Tawa. Karatu ya kawo ta Yamai, Jami'ar Abdou Moumouni, tana zaune wurina a Bukoki, kullum da safe ta tsallaka gada zuwa Harobanda. Da izininta nake wannan rubutu, sharaɗi ɗaya ta gindaya mini, kada sunanta ya fito. Ni kuwa shekara 14 ke nan ina bayan kanta a farmasi. Ban yi karatun likita ba, sayar da magani nake, amma da wuya rana ta fito ta faɗi budurwa ko saurayi bai tsaya gabana ya nuna kumatu ya ce, "Hajiya, me za ki ba ni?" ba. Galibinsu ba na sake ganinsu. Wannan kuwa a ɗakina take kwana, na ga farkon abin, na ga inda ya kai, kuma jinkirin da aka yi akwai hannuna a ciki.

Halin da ta iso da shi

Farkon Oktoba ta sauka. Tun tana shekara 16 take da ƙuraje, kuma da na dube ta a hasken tsakar gida abin bai kai na tashin hankali ba. Akwai ƙanana masu farin kai a goshi, daidai inda ɗankwali ke zama, masu baƙin kai a gefen hanci, sai uku ko huɗu masu kumburi da zafi a haɓa, waɗanda ke tasowa idan al'adarta ta gabato, su kwanta bayan ta wuce. Al'adar tana zuwa a kan kari. Babu gashi a haɓa, babu ƙibar da ta zo kwatsam, ba ta shan wani magani.

Tabon ne ke ci mata rai. Baƙar fata tana da wannan hali, duk inda kumburi ya zauna idan ya tashi sai ya bar baƙi a gurbinsa, ƙurjin sati ɗaya tabonsa ya yi wata shida. Ga ta da hannu, ba ta iya ganin ƙurji ta bar shi bai sha matsa ba. Sannan an sa ranar aurenta bayan Babbar Sallah. Uwarta takan ce in ta yi aure za su tafi da kansu, amma duk da haka ta ɗaure mata kuɗi a bakin zane ta ce a gyara mata fuska a birni.

Ƙarshen watan ne ta same ni ina tankaɗe.

"Gwaggo, kuna da bitamin E a farmasinku? Mai ruwan zinarin nan, mai mai a ciki."

Na ce muna da shi, na me? Ta miƙo mini waya. Wata mata ce a TikTok tana huda ƙwayar da allurar ɗinki, ta matse man a tafin hannu, ta ɗiga zuma, ta shafe fuska. Tana cewa a haɗiye ɗaya da safe ɗaya da dare, cikin wata guda ba ƙurji ba tabo. Na ce, "Bitamin ne, ɗiyata, ba zai yi miki komai ba. Gwada." Washegari ni da hannuna na kawo mata kwalbar, kowace ƙwaya 400 UI, wato ma'aunin ƙarfin bitamin da ake rubutawa a jikin kwalba.

Cutarwa nake nufi da na ce ba zai yi mata komai ba. Ban tsaya na tambayi kaina ko zai yi mata wani amfani ba, kuma wannan ce tambayar da ta hau kaina.

Abin da aka sani

A gindin kowane gashi na fuska, har siraran da ido ba ya gani, akwai ƴar jaka mai fitar da maiƙo. Da zuwan balaga, sinadaran jiki da ake kira androjen suna sa ta ƙara aiki. Idan matattun ɓawon fata suka cakuɗe da maiƙon suka toshe ƙofa, shi ne farin kai. In bakin ƙofar a buɗe yake, iska ta taɓa abin da ke ciki ya yi duhu, shi ne baƙin kai, wanda mutane ke ɗauka datti ne su yi ta dirza. A cikin toshewar ne wata ƙwayar cuta mai suna Cutibacterium acnes, wadda dama tana fatar kowa, take samun wurin yaɗo, jiki ya taso mata, wuri ya kumbura ya tara mugunya. Maiƙo, toshewa, ƙwayar cuta, kumburi. Duk maganin da ke aiki, ɗaya ko fiye daga cikin waɗannan yake kamawa.

Shi bitamin E, a 1922 Herbert Evans da Katharine Bishop suka gano shi a Kalifoniya, suna bincike kan haihuwar ɓeraye. Aikinsa kare kitsen da ke jikin ƙwayoyin halitta daga lalacewa, irin lalacewar da man gyaɗa ke yi in ya daɗe a rana ya canza wari. Kuma ta cikin maiƙon nan ne jiki ke kai shi saman fatar fuska. A 2006 wani bincike a Jodan ya auna jinin masu ƙuraje, ya tarar bitamin A da E sun yi ƙasa a jikinsu idan aka gwada da marasa ƙuraje. Saboda haka wanda ya fara tunanin a gwada shi ba shirme ya yi ba. Sai dai ganin abu biyu tare bai nuna wanne ya haifi wanne ba, mai yiwuwa kumburin ne ke cinye bitamin ɗin. Abin da zai raba gardama shi ne a ba wasu, a hana wasu, a ƙirga ƙuraje bayan wata uku, kuma bitamin E shi kaɗai bai taɓa cin irin wannan jarrabawa ba. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta sabunta jagorarta a kan ƙurajen fuska a 2024, babu shi cikin abubuwan da ta ce a yi amfani da su.

Maganar tabo ta fi ba ni mamaki da na koma na karanta. A 1999 a Miami, Leslie Baumann da James Spencer sun ɗauki mutum 15 da aka yi wa tiyata a fata, suka raba kowane tabo biyu, rabi ana shafa masa mai zalla, rabi mai da bitamin E. A kashi 90 cikin ɗari ko dai babu bambanci ko ɓangaren bitamin ɗin ya fi muni, kuma ɗaya cikin uku fatarsu ta yi borin ƙaiƙayi da ƙuraje. Tabon yanka ne wannan, ya bambanta da baƙin da ƙurji ke bari, amma sunan da bitamin E ya yi a matsayin maganin tabo daga irin wannan tabon ya samo asali.

Sai yawan da take sha. Babban mutum miligiram 15 yake buƙata a rana, kuma yana samu a gyaɗa da manta, da manja, da ganye irin su zogale da alayyafo. Ƙarancinsa ba kasafai ake gani ba, sai ga bakwaini ko wanda hanjinsa ba ya tsotsar mai. Ƙwaya ɗaya ta 400 UI miligiram 180 ce in ta masana'anta ce, 268 in daga tsiro aka tatso. Biyu a rana ke nan ta ninka buƙatarta sau 24 a ƙalla, ta kuma haura miligiram 300 da hukumar abinci ta Turai ta sa a matsayin iyaka. Yawansa yana hana jini saurin daskarewa, shi ya sa mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin kullum bai kamata ya taɓa shi da kansa ba. Samarin da ke saye kuma su sani, a 2011 wani gwaji mai suna SELECT a kan maza sama da 35,000 ya nuna masu shan 400 UI kullum kansar prostat, ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar namiji, ta ƙaru a cikinsu da kashi 17 cikin ɗari. Duk wannan yana rubuce tun kafin in miƙa mata kwalbar.

Yadda abin ya tafi

Sati shida tana yi ba fashi. Man da ke cikin ƙwayar mai kauri ne, yana danƙo, ga hunturu ya shigo da ƙurarsa. Da safe rigar matashinta duk shatin mai. Fararen kan da ke goshi suka ninka, suka gangaro zuwa kumatu. Na gani, na ce sanyi ne.

Da ta ga ba ci gaba sai ta fara ƙari, kowace ƙawa da nata. Cikin duk abin da ta gwada, zink ne kaɗai ke da ɗan abin kamawa. A Faransa a 2001 an gwada miligiram 30 na zink a rana da minosiklin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, na wata uku, kusan kashi 31 cikin ɗari na masu zink suka samu sauƙi sosai, masu minosiklin kashi 63. Yana aiki ke nan, amma rabin na magani. Ita kuwa da sassafe take haɗiya ciki babu komai, rannan ta yi amai a bakin gada, kwana tara ta watsar. Garin zogale a koko ban hana ba, abinci ne mai kyau. Habbatus sauda mun san darajarta, ni ma ina sha, sai dai shan ta daban, lafta manta a fuskar da ƙofofinta suka riga suka toshe daban. Ta daina cin gyaɗa da ƙuli-ƙuli saboda an ce su ke kawo ƙuraje, wato ta bar bitamin E na cikin abinci tana sayen na kwalba, alhali abin da bincike ya fi nunawa da yatsa shi ne kayan zaƙi da farin fulawa, sai madara kaɗan. Lemun kwalba da burodi da shayi mai sukari cokali uku kuwa ba ta fasa ba.

Lemun tsami ne ya yi mata ɓarna ta farko da ido ke gani. Ta goga shi a kumatun hagu da safe, ta fita rana tana jiran mota. Akwai sinadari a ruwansa da ɓawonsa wanda in rana ta haska shi a kan fata sai ya ƙone ta. Da yamma wurin ya yi jawur yana raɗaɗi, bayan sati ya zama doguwar baƙar shata kamar an ja da gawayi, daidai hanyar da ruwan ya bi.

A wannan hali take, cikin Janairu, aka haɗa ta da wata mata mai tallar kayan gyaran fata a WhatsApp. Haɗin bitamin E take kiran nata. Ƙaramar roba ce fara, babu takarda, babu suna, jika biyar. Ta lissafa mata abin da ke ciki: man kaɗe, bitamin E, zuma, kurkum, man habbatus sauda. Ta ce natirel ne ɗari bisa ɗari, ko jariri a shafa masa.

Kwana huɗu duk wani kumburi ya kwanta. Sati biyu fuska ta yi sumul, ta yi haske, shatar lemun ma ta dusashe. Aka ɗauki hoto aka tura Tawa, uwarta har da guɗa a waya. Maƙwabta suna tambaya. Ni ma na ce masha Allah. Shekara 14 ina sayar da magani, na san babu man kaɗe ko zumar da ke kwantar da ƙurji a kwana huɗu, na san maganin asibiti ma sai ya yi sati takwas zuwa goma sha biyu. Amma na ga yarinya tana dariya bayan wata uku tana rufe fuska, sai na ƙi bin zancen.

Robar farko ta ƙare, aka yi kwana uku ba ta samu wata ba, fuska ta ɗauki zafi kamar an watsa barkono. Ta sayi ta biyu, ya lafa. A sati na shida ko mai bai ƙare ba ƙuraje suka feso, kuma ba irin na da ba ne. Ƙanana ne birjik, duk girmansu ɗaya kamar an watsa gero, daga kumatu zuwa muƙamuƙi har wuya. Fatar tana sheƙi kamar leda. Siririn gashi ya fito a gefen kunne. Fuskarta ta fi kunnuwanta haske, ana ganin iyakar inda man yake tsayawa. Ta daina zuwa lakca, in ta fita sai da niƙabi, ita da ba ta taɓa sawa ba.

Wani dare an ɗauke wuta, na fito neman ruwa, na tarar da ita a tsugune bayan ƙofa, madubi a gwiwa, fitilar waya a hannu, tana bin ƙurajen ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, leɓenta na motsi. Ƙirgawa take. Ta ɗago ta ce, "Gwaggo, na wuce ɗari ban gama gefe ɗaya ba." Ban koma barci ba a daren nan.

A gaban likita

Saura sati ɗaya azumi muka je wurin likitar fata. Tun a waya ta ce mu zo da duk abin da ya taɓa hawa fuskar ko ya shiga baki, kada a bar ko sabulu. Yarinyar ta so ta ɓoye farar robar, na ce mata ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kaya goma sha ɗaya muka zazzage a kan tebur.

Likitar ta jera su, ta ture kwalbar bitamin E gefe ba ta ce komai ba, ta ɗauki robar da ba suna. Ta haska fuskar da fitila, ta ɗan ja fatar kumatu da yatsu biyu.

"Ɗiyata, kwana nawa kika yi kafin ki ga canji?"

"Huɗu."

"In kin daina fa?"

"Zafi kamar wuta."

Sai ta juyo wurina. "Hajiya, ke da ke farmasi, kin san abin da ke yin haka."

Na sani. Kortizon ne. Ta bayyana wa yarinyar a hankali: wannan magani yana kashe kumburi nan take, yana matse jijiyoyin jini, yana rage launin fata, shi ya sa farkonsa ke da daɗi. In aka ci gaba sai fata ta yi sirara, garkuwarta ta yi rauni, ya haifar da nasa ƙurajen. Alamarsu ita ce girmansu ɗaya, sun fito lokaci guda, saɓanin na balaga da ke gauraye manya da ƙanana, fari da baƙin kai. Ƙurajen kala biyu ne ke nan a fuska ɗaya, na asali da mai ya ƙara toshewa, da na kortizon a kansu.

Ban tsaya a zato ba. Kwana biyu bayan haka na je gidan matar kamar mai son saye da yawa, na ce ina son ganin yadda take haɗawa. Ba ta ɓoye mini komai ba. Ga man kaɗe a kwano, ga ƙwayoyin bitamin E na gaske tana hudawa, ga kurkum. Sai ta jawo bututu biyu daga leda ta matse a ciki, ta ce, "Wannan shi ke sa bitamin ɗin ya ratsa fata." Na karɓa na karanta: clobétasol 0,05%. Yana cikin rukunin da ya fi kowane ƙarfi a kortizon na shafawa, ana rubuta shi ne ga cututtukan fata masu taurin kai, na ƴan makwanni, kuma ba a fuska ba. A kasuwa take saye, babu mai tambayar ta takardar likita. Na dubi damatsanta, nankarwa ce manya-manya masu faɗi, gaɓoɓin yatsunta baƙi ƙirin a kan farin hannu. Abin da take sayarwa shi take shafawa. Ban ga mugunta a wurinta ba, ba ta san abin da ke hannunta ba ne. Na faɗa mata abin da na sani, ta yi shiru, ta ce duk masu haɗi haka suke yi. Kodibuwa ta haramta mayukan canza launin fata masu ɗauke da kortizon tun 2015 saboda irin wannan.

Magani da yadda jiki ya karɓa

Kafin ta rubuta komai likitar ta tambayi ranar aure, ta tambayi ko akwai yiwuwar ciki. Sannan ta ce a tsayar da duka sha ɗayan. Sati biyun farko ruwa da sabulu mai laushi sau biyu a rana, sai man shafawa mara nauyi wanda ba ya toshe fata. Ta ba ta doksisiklin, ƙwayar sha mai kashe ƙwayoyin cuta, miligiram 100 sau ɗaya a rana na wata uku. Bayan fata ta huce a fara adapalen 0.1% da dare, gwargwadon ƙwayar wake ga fuska duka, yau a shafa gobe a huta, don shi ke buɗe toshewar. Daga baya a ƙara benzoyil feroksaid 5% da safe, mai kashe ƙwayar cutar. Man kariya daga rana kullum, domin rana ce ke ƙara wa tabo baƙi, kuma doksisiklin yana sa fata saurin ƙonewa. Da aure ya matso za a ajiye doksisiklin da adapalen, tunda mai ciki ba ta amfani da su, a koma kan asid azelayik, wanda ke rage ƙuraje da tabo kuma ana barin mai ciki ta shafa. Na tambayi isotretinoyin, ƙwayar da ake ba masu ƙuraje masu tsanani, tunda na san ƙarfinsa. Ta ce lamarin bai kai can ba, kuma amarya ce ke gabanta, maganin da ke nakasa ɗan tayi ba za ta kusanto da shi ba.

Game da bitamin E kalma ɗaya ta yi: "Ki koma cin gyaɗarki."

Ta kuma gargaɗe mu cewa abin zai ƙara muni kafin ya gyaru, kuma haka aka yi. Sati ukun farko na azumi su ne mafi wuya. Fuska ta kumbura, tana saɓa, tana raɗaɗi, ko alwala sai da ruwan randa a hankali. Sau biyu ta roƙe ni in bar ta ta shafa haɗin ko sau ɗaya ta samu barci. Dama na riga na zubar da shi a masai, da yana gidan ban da tabbacin da zan iya hana ta. Mukan jiƙa tsumma da ruwan sanyi mu ɗora mata har zafin ya sauka.

Doksisiklin ɗin bayan buɗa-baki take sha, da cikakken kofin ruwa, a zaune. Rana ɗaya ta manta, ta haɗiye da sahur da ɗan kurɓi ta koma ta kwanta, ƙwayar ta maƙale a maƙoshi, kwana biyu ƙirjinta na ciwo in ta haɗiyi abu. Ba ta sake ba. Benzoyil ɗin kuma ya cinye launin hijabinta shuɗi a zagayen fuska da rigunan matashi biyu, sai muka koma farare. Ga Afrilun Yamai, zafi ya haura digiri 40, gumi na wanke man rana kafin ta kai gada, dole ta riƙa tafiya da shi a jaka.

A sati na shida masu kama da gero sun kwanta, sababbi sun ragu ƙwarai. Ta koma lakca. A sati na goma sha biyu da muka koma, likitar ta ƙirga masu kumburi huɗu, goshi ya yi laushi, gashin gefen kunne ya fara zubewa. Mun zauna mun yi lissafin abin da ta kashe daga Oktoba zuwa Fabrairu a kan kwalabe da robobi, ya haura jika arba'in. Kuɗin ganin likitar bai kai na roba biyu ba.

Wata matsalar da ban hango ba daga Tawa ta zo. Da kortizon ya bar jiki, launinta na asali ya dawo, kuma tabon da hasken ya lulluɓe suka sake bayyana. Uwarta ta ga hoto ta kira ni ranta a ɓace, wai an kai yarinya asibiti an mayar da ita baƙa ana saura wata ɗaya biki, a mayar mata da man da ya karɓe ta. Na ce, "Yaya, launin da kika haife ta da shi ne ya dawo. Wancan hasken ciwo ne." Mun fi awa muna magana. Abin da ya sauko da ita hoton daren da fuskar ta fi muni ne, wanda yarinyar ta ɓoye mata, ta ba ni izini na tura. Da lokacin gyaran jiki ya zo kuma sai da aka yi wani zaman da mai dilka: jiki duka ta yi yadda ta saba, daga wuya zuwa sama kada ta taɓa. Ta yi ƙorafi, amma ta bi.

Inda laifin bitamin E yake

Na daɗe ina auna wannan. Ɓarnar da ya yi da kansa kaɗan ce, ƙarin toshewa a goshi da kuɗin da suka tafi. Wanda ya ƙone kumatu lemun tsami ne, wanda ya feso da ƙuraje kortizon ne. Amma a Oktoba ƙurajenta irin waɗanda adapalen da benzoyil kaɗai kan kwantar cikin wata uku ne, ko ƙwayar sha ba lallai ta buƙata ba. Sati shidan da ta yi tana jiran bitamin ya yi aiki su suka kai ta ga lemun tsami, lemun tsami ya kai ta ga farar roba. Kuma sunansa ne ya buɗe wa robar ƙofar gidana. Da matar ta ce man bilicin take sayarwa, yarinyar ba za ta saya ba, ni ma da na gani zan jefar. Da aka ce bitamin, aka ce natirel, daga ni har uwarta babu wanda ya ƙara tambaya.

Yanzu in budurwa ta tsaya gabana tana neman ƙwayar zinarin nan, nakan tambaye ta na me. In ta ce na fuska, sai in tambayi me take shafawa yanzu, yana da takarda ko babu, kuma kwana nawa ya ɗauka kafin ta ga haske. Wasu sukan ji haushi su tafi wani wuri su saya. Wasu sukan buɗe jaka su fito da roba.

An ɗaura aure sati biyu bayan Sallah. Ta gama doksisiklin kafin nan, tana kan asid azelayik safe da dare. Ƙananan tabon goshi da haɓa sun dusashe, sai an matso ake ganinsu. Shatar lemun tsamin tana nan, ta ragu da kamar rabi, likitar ta ce a ba ta shekara. Akwai ramuka biyu ƙanana a kumatun dama, inda ta matse manyan ƙuraje a lokacin da fatar ta yi sirara, waɗannan mai ba zai cike su ba. Ta dawo Yamai da mijinta don ta ƙarasa karatu, suna zaune a Talladje, kuma likitar ta ba ta ranar komawa bayan wata uku.